Malam Kujera da Kujerar Inna

Ƙarfe bakwai da rabi na safe yake buɗe ƙofar, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan ba a ji ya makara ba sai ranar da matarsa ta haihu. Ɗakin nasa a bayan wani kemis yake, sai mutum ya ratsa siririn lungu kafin ya kai. Babu abin kallo a ciki. Gado ne ɗaya siriri mai katifar fata, da rami a wajen kai inda majinyaci ke cusa fuska, sai bencin masu jiran layi, sai ƙashin baya na roba da ke rataye a ƙusa, wanda ya sha taɓawa har ya yi baƙi. Kafin kowa ya shigo zai dafa ruwa ya zuba a roba, ya tsoma hannuwansa a ciki. Ya ce jiki ba ya sakewa da hannu mai sanyi, wanda jikinsa bai sake ba kuwa ba a yi masa aiki.

Aikinsa gyaran baya da wuya. In gaɓoɓin ƙashin baya suka matse jijiya, ciwo ya gangaro ta kafaɗa zuwa yatsu, ko ta ƙugu zuwa diddige, wurinsa ake zuwa. Ya yi karatun abin, takardar shaidarsa tana nan a bango, amma ba mai ce masa likita. Malam Kujera ake kiransa, kuma shi ya ja wa kansa. Mutum zai shigo yana nishi, yana jiran a tambaye shi inda ke ciwo, sai ya ji an ce, "A kan me kake zama in kana aiki?" Bai tsaya ga tambaya ba. Duk ranar Asabar zai sa tef ɗin awo a aljihu ya bi shago-shago da ofis-ofis, ya ga kujerar da idonsa, ya dawo ya rubuta "na gani" a ƙasan katin majinyacin.

Mai kemis, wanda suka tsufa tare suna tsokanar juna, ya sha ce masa, "Mutum ya zo da ciwo, kai kana gaishe da kujera. Ka koma kafinta mana kowa ya huta."

Shi kuwa amsarsa ɗaya ce. "Minti ashirin nake yi da bayan nan. Kujera wuni take yi da shi. Wa kake gani zai ci?"

Mai kemis ɗin ne kuma ya shaidi ranar da aka kawo wani direban babbar mota a rungume, ƙafa ba ta ɗaukarsa. Yayan direban ya ce a murɗa shi kawai ƙashi ya yi ƙara su tafi, don mutane da yawa sun ɗauka ƙarar nan ita ce waraka. Malam ya taɓa yatsun ƙafar da tsinke, ya sunkuya ya yi wa majinyacin tambaya biyu a kunne, sai ya miƙe ya ce ba zai taɓa shi ba, asibiti za a tafi yanzu-yanzu. Yayan ya harzuƙa. "Ashe dai ba ka iya ba!" Malam ya ce, "Eh, wannan kam ban iya ba." Ya ba masu jiran layi haƙuri, ya kulle ɗakin, ya raka su da kansa. A makon aka yi wa direban aiki, kuma yau da ƙafarsa yake zuwa gaisuwa.

Amma in ana son a san ko wane ne mutumin nan, labarin Tela ya kamata a ji, domin a nan ne ya yi kuskure.

Tela doguwar mace ce, irin wadda sai ta sunkuya take shiga ƙofar shagonta. Ɗinki ta gada. Mahaifiyarta, wadda kowa ke ce wa Inna, ta shekara arba'in a kan keken nan mai feda kafin Allah ya yi mata rasuwa, ta bar wa 'yarta keken da kujerar da take zama a kai. Da wannan keke Tela ke riƙe da rabin gidanta, kuma ba abinci kaɗai yake ba ta ba. Ita dai in ba ta ji ƙarar keke ba, gani take ranar ba ta yi albarka ba.

Ciwon ya fara ne daga wuya, ta ce kwanciya ce. Ya sauko kafaɗar dama, ta ce gajiya ce. Sai da babban yatsanta da manuni suka soma mutuwa, tana jin kamar tururuwa na yawo a cikinsu, har zare ya gagare ta sawa a allura, sannan ta yarda maigidanta ya kai ta bayan kemis.

Malam bai taɓa ta ba sai da ya tura ta asibiti aka ɗauki hoton wuyan, ya tabbata ba abin da ya fi ƙarfinsa ba ne. Da ta dawo ya sauko da ƙashin robar nan ya nuna mata. "Kin ga nan, 'yata? Tsakanin wannan gaɓa da wannan jijiyar hannunki take fitowa. Wurin ya matse, ita kuma ba ta da bakin magana, shi ya sa take kai ƙara a yatsu." Sannan ya yi tambayar da kowa ya san zai yi. "A kan me kike zama?"

 Tela ta san kujerar ɗinkinta ba ta yi mata ba, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Amma shekara shida ke nan yayarta da maigidanta suna ce mata ta jefar da wannan tsohon katako ta sayi ta zamani, kuma ta tabbata in mai ilimi ya goyi bayansu ba ta da sauran abin cewa. Sai ta kawar da kai ta ce, "Kujera ce daidai ni, Malam. Ba ta da wata matsala."

A da, wannan amsa ba za ta hana shi zuwa ba. Amma a lokacin gwiwoyinsa sun fara yi masa gardama, shagon nata kuma yana can ƙarshen gari, mota biyu ake shiga. Ya dubi mace mai hankali, wadda sana'arta ma awo ce, ya ce a ransa tela ba za ta kasa sanin abin da ya yi mata daidai ba. Ya ajiye katin bai rubuta komai a ƙasansa ba.

Wata huɗu suka yi a haka. Za ta zo ta kwanta, ya sa hannuwan nan masu ɗumi ya sassauta naman kafaɗar, ya ja wuyan a hankali kamar mai zare ƙaya, ya daidaita abin da zai daidaita. Ta tashi tana jin yatsunta sun dawo, ta yi ta sa albarka. Kwana uku a kan keke, sai ciwo ya dawo kamar an aika a kira shi. Ta fara jin haushinsa, alhali ta san wanda ya kamata ta ji haushi.

Rannan tana yankan yadin wata tsohuwar mai kawo mata ɗinki, almakashi ya suɓuce daga yatsun da ba su ji ba, ya shiga inda ba a aike shi ba. Matar ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi, "Haba, ba komai, Allah ya ba ki lafiya," kuma wannan tausayin ya fi zagi yi wa Tela ciwo. Shekara ashirin tana yanka, ba ta taɓa ɓata kayan mutane ba. Da ta koma gida ta ce wa maigidanta ya nemo mai sayen keke, gara ta bari da mutuncinta da a riƙa kawo mata aiki don tausayi. Ya ce ta dai ƙara haƙuri. Ta ce haƙurin ne ya kai ta ga yadin mutane.

Washegari ta je ta yi wa Malam sallama, don ba ta son ta ɓace ba bayani. Ba ta ko zauna ba. "Na gode, Malam, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Aikin ne bai karɓe ni ba. Keken ma zan sayar."

 Malam ya jawo katinta ya juya shi, ya daɗe yana kallon wurin da babu rubutu. Wani ne da sai ya ce jikinta ne mai taurin kai, ko ya ce ba ta bin umarni, kuma ba wanda zai ƙaryata shi. Shi kuwa cewa ya yi, "Laifina ne. Wata huɗu ina gyara ban je na ga mai ɓatawa ba. Kada ki sayar kafin Asabar."

Ranar Asabar da hantsi ya iso, yana ɗingishi kaɗan, tef a aljihu. Shagon ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya, ƙyallaye a ƙasa, riguna a rataye a igiya. Kafin ya iso Tela ta so ta ɓoye kujerar ta aro ta maƙwabta, har ta ɗaga ta, sai kunya ta kama ta ta mayar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya ce, "Yi ɗinkinki kamar ba na nan."

Ta hau ta zauna. Kujerar doguwa ce, mai ƙafa huɗu, ba ta da majingina, samanta ya yi sulɓi saboda zama. Doguwar mace a kan doguwar kujera, teburin keken kuwa can ƙasa. Kafin ta ga bakin allurar sai ta tanƙwara baya ta turo kai gaba ta karkatar da shi dama, kamar mai neman abin da ya faɗi a ƙasa. Haka take wuni. Malam ya zaga ta baya, ya auna daga kujera zuwa ƙasa, ya auna daga teburi zuwa gwiwar hannunta, ya naɗe tef ɗinsa.

"Ta wa ce?"

"Ta Inna ce."

"Inna gajera ce, ko?"

Tela ta yi 'yar dariya duk da hawayen da ya taru mata. "Kafaɗata ma ba ta kai ba. Babanmu ne ya sa aka yi mata ita doguwa don ta kai teburin. Da ta hau kuma ƙafarta ta daina kai feda, sai ya ɗaura mata katako a kan fedar." Sai muryarta ta canza. "Malam, ba za a yanka mata ƙafa ba, kuma ba zan jefar ba. In na zauna a kanta ji nake kamar ta fita ne ta dawo. In hannun ne ya tafi, ya tafi."

"Wa ya ce za a yanka?" Ya nemi buhun ƙyallaye ya zauna, don gwiwar ta ishe shi. "Ki duba abin da kika faɗa min yanzu. Inna ba ta lanƙwasa kanta don keke ba. Wurin aka gyara mata ya dace da ita, shi ya sa ta shekara arba'in a kai. Ke kin gaji kujerar kin bar dabarar. In kujera ba za ta sauko ba, ai teburi zai hau."

 Shekara shida ana ce mata ta zaɓa tsakanin lafiyarta da kujerar uwarta, ba wanda ya taɓa tunanin akwai hanya ta uku, har ita kanta. Ta tashi ta jawo aljihun teburi na ƙasa, ta fito da wani katako mai kauri kamar yatsu huɗu, tsakiyarsa ya lotsa da sawun ƙafa. Ta cire shi daga fedar ne tun ranar da ta gaji keken, don ita ƙafarta har ta yi yawa. Ta shafa shi ta miƙa masa. "Wannan kam a yanka."

Aka kira kafinta ya raba shi huɗu da zarto, aka kwance teburin daga ƙarfen keken, aka sa kowane yanki a kusurwa ɗaya aka ɗaure. Malam ne ya tuna musu cewa igiyar keken ta yi gajarta yanzu, sai an sayo doguwa. Kafinta ya dube shi ya ce, "Baba, anya ba sana'armu ka baro ba?" Da Tela ta sake hawa, allurar ta zo mata daidai ido, kuma a karo na farko cikin shekara shida ta yi ɗinki kanta a kan wuyanta. Malam ya ciro katin ya rubuta kalmomin nan biyu.

Ba a ranar ta warke ba, kuma shi ma bai ce mata za ta warke a ranar ba. Sai da ta ƙara wata biyu tana zuwa, tana yin motsa wuyan da ya koya mata, tana tashi ta miƙe duk bayan ɗan lokaci ko da aiki ya yi mata yawa. A hankali tururuwar ta bar yatsun. Har yau in gari ya yi sanyi kan babban yatsan yakan ɗan yi mata nauyi da safe, amma zare yana shiga allura, almakashi yana bin alli. Mai sayen keken da ya zo, ruwa ya sha ya koma.

Shekara uku ke nan da wannan. A watan nan Malam Kujera ya ajiye aiki. Manyan yatsunsa biyu, waɗanda suka danna bayan mutanen da ba su ƙirguwa, sun gaji. Ruwan ɗumin safe ya daina isar su. Ya ce ranar da hannu ya daina gaya masa gaskiyar abin da ke ƙarƙashin fata, ranar ya kamata ya janye shi daga wuyan mutane, kuma ranar ta zo. Ya bar ɗakin a hannun matar da ya shekara takwas yana horarwa, ya ba ta gadon da ƙashin robar, ya ba ta tef ɗin.

Tela ta je yi masa ban kwana a makonsa na ƙarshe. Tana zaune a benci ta lura da abin da duk masu zuwa ba su lura da shi ba. Maɓallin hannun rigarsa ya ɓalle, ya kai yatsu zai mayar, ya gwada sau uku abin ya ƙi, sai ya naɗe hannun rigar kamar zafi yake ji. Ta ce, "Malam, wa ke sa maka maɓalli da safe?" Ya yi dariyar jin kunya ya ce uwar 'ya'yansa ce, kuma ba wani abu ba ne. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ta ce, "Haka na ce maka game da kujera. Ranar Asabar ina zuwa in gani."

Ta je. Ta sa matarsa ta fito da rigunansa duka, ta sa shi ya gwada ɓallewa da mayarwa a gabanta tana kallon yadda yatsun ke yi, ta kwashe su ta tafi. Bayan kwana biyar ta dawo da su. Ta cire ƙananan maɓallan nan masu santsi, ta sa manya masu kauri waɗanda yatsa ke iya kamawa, ta buɗa ramukansu, hannayen rigar kuma ta yi musu abin mannewa. Ya ɗauki ɗaya ya sa, ya bi maɓallan tun daga ƙasa har wuya shi kaɗai, matarsa na tsaye ta harɗe hannu. Da ya kai na ƙarshe, sai Tela ta juya tana gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

Malam, kai ne ka ce "ban iya ba" a gaban mai zaginka, mutum ya tsira da ƙafarsa. Kai ne ka ce "laifina ne" a lokacin da ba wanda ya tuhume ka, ka shiga mota biyu da gwiwa mai ciwo don kalma biyu da ba ka rubuta ba. Mai hannu da ɗumi, ba ka taɓa raina abin da mutum ya riƙe da zuciyarsa ba, ko da tsohon katako ne. Ba a sa sunanka a allo ba, ba a kira taro don kai ba, amma akwai shaguna da ofisoshi da yawa da ake zaune a miƙe saboda ka taɓa leƙawa.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ba yatsun nan hutun da suka ba wasu, ya sa ka daɗe kana sa maɓallinka da kanka.

Mu kuma da muka rage a bakin aiki, malamin makaranta ne, ko ma'aikaciyar jinya, ko bakanike, ko uba a gidansa, koyi da shi bai buƙatar gado mai rami ko takarda a bango. In wani ya kawo mana kuka sau biyu, sau uku, kada mu yi saurin cewa shi ne mai taurin kai. Mu tambayi a kan me yake zama, in ya ce ba komai, mu tashi mu je mu gani. Tela ta koyi wannan, kuma har yau a kan kujerar Inna take ɗinki.